Injiniya Ƙifta-Ƙifta da Firjin Ƙyanƙyasa

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar ƙwaƙwalwa a wannan zamani, to a fara da Injiniya, a rufe da Injiniya. Tsakiyar kuma a bar masa ya cike da hannunsa, don ba ya son a yi masa kuskure a tarihi. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya ba kansa, kuma ya yi daidai, don wa ya san darajar mutum kamar shi kansa? Makaranta sai ta ɓata shekara da shekaru tana jarraba mutum kafin ta gano abin da Injiniya ya gano a gaban madubi yana taje gemu.

A wurin aikinsa, in ka hau bene ka bi doguwar baranda har ƙarshe, ka wuce ofishin akanta, ka wuce banɗaki, akwai wani ɗaki marar taga mai warin tawada da hucin inji. Nan yake mulki. A takardar albashi an rubuta mai kula da injin kwafi. A jikin ƙofa kuwa, da rubutun da shi ya buga ya manna, an rubuta Shugaban Sashen Yawaita Takardu. Sashen na mutum ɗaya ne, shi ya sa ba a taɓa jin rikicin shugabanci a cikinsa ba. Kuma a ba shi haƙƙinsa, gwani ne. Kawo masa takarda mai sunan wani a sama, ya ɗiga farin ruwan nan na goge rubutu, ya hura, ya kifa ta a kan gilashi, ta fito fes kamar ba a taɓa haifar mai sunan ba. Da wannan ilimi ya shigo duniyar lantarki, kuma bai ga dalilin neman ƙari ba.

Shigowar tasa tana da tarihi. Wata rana ya yi odar wani ɗan allo ta intanet, kore, bai fi kwalin ashana ba, irin wanda ake haɗawa da kwamfuta a rubuta masa umarni ya bi. Ya sha fama da shi. Ya ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma, ya ƙona ledar teburin cin abinci, har Allah ya sa wata 'yar jar fitila mai girman ƙwayar wake ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu. Duk mai wannan wasa daga nan yake farawa, kamar yadda jariri ke farawa da rarrafe. Sai dai ba kowane jariri ne ke tara jama'a su zo kallon rarrafensa ba. Injiniya ya kira matarsa daga kicin da ludayi a hannu, ya kira yara, ya aika aka kira maƙwabci yana tsakiyar wanke mota.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Wannan ba fitila kuke gani ba. Biyayya kuke gani. Na ce mata kama, ta kama. Na ce mata mutu, ta mutu. Daga nan zuwa jirgin sama, bambancin yawan waya ne kawai."

Maƙwabcin ya yi ta kallo, kumfa na bushewa a hannunsa, sannan ya tambaya ko bayan ƙiftawar akwai wani abin da take yi. Aka ce masa wannan tambayar ta mutanen da ba su yi nisa ba ce. Ya koma wurin motarsa, kafin magariba layin kaf ya san Injiniya Ƙifta-Ƙifta. Da sunan ya iso kunnen mai shi, sai ya karɓa hannu biyu. Ya ce manyan mutane dama da aikinsu ake kiransu.

Daga nan gidan ya shiga zamanin ci gaba, Allah ya ba mazaunansa haƙuri. Ya ƙera ƙararrawar ƙofa mai gane baƙo tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ta gane baƙo, ta gane kyanwa, ta gane leda in iska ta kwaso ta. Ya ƙera fankar da ake kunnawa da tafi, ranar da sauro ya yi yawa a falo sai fankar ta kusa haukacewa. Na'urar ban ruwan shukar matarsa kuwa ta yi aikinta da zuciya ɗaya har shukar ta koma kifi. Kowanne ya mutu, Injiniya yakan ce ba mutuwa ya yi ba, ya gama koyar da darasinsa ne. Ɗakin ajiya na bayan kicin, inda ake tara buhuna da tsofaffin tukwane, ya kwashe kayan ya jibge a baranda, ya rubuta Ɗakin Bincike a ƙofa. Ya sayo farar riga irin ta likitoci a gwanjo, mai sunan wani kantin magani a aljihu, ya liƙe sunan da tef.

Ranar Asabar da yamma yakan je ƙungiyar masu haɗa-haɗa, a wani ajin makaranta da ake ara musu. Mutane ne masu sauƙin kai. Akwai malamar lissafi mai ƙera agogo, akwai wani likitan haƙori da ya yi ritaya, wanda ya rasa bakin da zai tona ya koma tona na'urori. Al'adarsu, kamar ta 'yan'uwansu ko'ina a duniya, kowa ya ƙera abu sai ya baza zanensa da umarninsa a dandalin intanet, wanda ke so ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya ƙara. Sharaɗin bai taka kara ya karya ba: ka bar sunan mai shi a inda ya sa shi, in ka gyara ka faɗi abin da ka gyara. Injiniya yana matuƙar ƙaunar rabin farko na wannan al'ada. Rabin na biyu kuwa yana ganinsa ƙauyanci. A fahimtarsa, abin da aka zubar a hanya na mai tsinta ne, kuma wanda ya ba da kayansa kyauta ya riga ya faɗi da bakinsa nawa suka kai.

To, ana nan sai ƙwai ya shigo labarin.

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ta daɗe tana son ta yi kiwon kaji. Ba don abin duniya ya dame ta ba, tana dai son wani abu guda a gidan nan da za a ce nata ne, wanda ba ya ƙiftawa kuma ba ya ƙara in leda ta wuce. Ƙaninta direban babbar mota ne, ya san wannan buri. A wata doguwar tafiya ya samo mata ƙwan wasu manyan kaji masu gashi har ƙafa, irin da ba a samu a kusa, ya naɗo su cikin bargonsa, ya taho da su a kujerar gaba yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da mai naƙuda. Ta karɓa ta ajiye su a hankali. Ta riga ta yi magana da wani mai injin ƙyanƙyasa a bayan kasuwa, gobe da safe za ta kai masa.

Injiniya yana jin haka ya ajiye cokali.

"Maman Auta, a gidan da nake numfashi za a ɗauki ƙwai a kai wa wani ƙato a bayan kasuwa? Me duniya za ta ce? Kaza, tsuntsuwar da kanta bai kai ɗan yatsana ba, ta iya wannan aiki da gindinta. Ni kuma da kaina sukutum a ce ba zan iya ba?"

Ta ce masa ai kazar ta daɗe tana yi. Ya ce tsufa a aiki ba gwaninta ba ce, in ba haka ba da masinjan ofishinsu ne manaja. Ta tuna masa shukarta. Ya ce shuka daban, kimiyyar zafi daban. Ƙanin nata, wanda ke wasa da mijin yayarsa tun yana ɗan makaranta, ya ce shi dai bargonsa ya kawo su lafiya, in Yaya Injiniya zai ƙyale, sai ya kwanta a kansu da kansa ya huta da tuƙi. Aka yi dariya ban da mutum biyu. Daga ƙarshe ta ba da kai, irin ba da kan wanda ya gaji da tsayuwa, ta ce ta ji, amma ya sani waɗannan ƙwai ba abin gwaji ba ne, kuma ba a samun wasu. Ya dafa ƙirji daidai kan tef ɗin aljihunsa, ya ce ta fara neman sunayen da za ta sa wa 'yan tsaki.

Washegari ya sa aka kinkimo wani mataccen firji daga wurin mai gyara, ya shiga dandali ya nemo zanen injin ƙyanƙyasa. Ya samu wani mai kyau, na wata baiwar Allah a wata ƙasa mai nisa, ta yi shi tsaf da hotuna. Dabarar ba wuya. Fitila mai zafi a cikin akwati, ɗan ma'aunin zafi mai kama da kan ashana a ƙarshen waya, ƙaramin gilashi a waje yana nuna lamba, allon kuma yana tsakiya yana hukunci: in zafi bai kai digiri talatin da takwas ba, kunna fitila, in ya kai, kashe ta. Mai zanen ta ce fitila ɗaya ƙarama ta isa. Injiniya ya sa manya guda biyu, domin ƙaramar fitila ta ƙaramin mutum ce.

Da ya buɗe rubutun umarnin a kwamfuta, sai ransa ya ɓaci. A saman shafi ga sunan matar nan ɓaro-ɓaro. Masu wannan aiki suna da ɗabi'ar barin 'yan bayanai a tsakanin layukan umarni, da toka-tokan rubutu, waɗanda na'ura ba ta karantawa, mutum ake bar wa. Nan ta sa sunanta, nan ta gode wa wani da ya taimake ta, can ta sake ambaton kanta. Hannun Injiniya ya fara ƙaiƙayi irin na ofis. Bin su ɗaya bayan ɗaya aikin ƙananan ma'aikata ne, don haka ya share duk wani layi mai launin toka a shafin, tas, bai karanta ko ɗaya ba. Ya ce surutun mata ne.

A cikin surutun akwai layi guda da ke cewa: lambar da ke ƙasan nan ta ƙarya ce, na sa ta ne don a gwada gilashi, da zarar ka haɗa ma'aunin zafi ka goge ta. Gargaɗin ya tafi. Lambar ƙaryar ta zauna daram, talatin da bakwai da rabi. A gurbin sunan mai zanen kuma ya sa gilashin ya riƙa gaishe da duniya duk sanda aka kunna shi: ƘIRAR INJINIYA, SHI KAƊAI.

Aka kunna. Gilashi ya yi gaisuwarsa, sannan ya nuna talatin da bakwai da rabi. Ko minti ba a yi ba. Wani mai ƙaramin imani zai tsaya ya yi mamakin yadda firji mai sanyin ƙarfe ya kai zafin cikin kaza kafin a ƙifta ido. Injiniya bai yi mamaki ba, don ya san wanda ya ƙera. Ya jera ƙwai a tire mai ɗan injin juyawa, ya rufe ƙofa, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun farar riga. Ya kafa doka cewa ba mai buɗewa sai ranar ƙyanƙyasa, domin iskar waje tana ɓata lissafi. Allon kuwa, bawan Allah mai biyayya, ya duba lambar da aka ba shi, ya ga ba ta kai talatin da takwas ba, ya kunna fitilu. Ya sake dubawa, ba ta kai ba. Haka zai yi ta dubawa har tashin duniya. Firji kuma an yi shi ne don kada abin da ke ciki ya fito, ko sanyi ko zafi, don haka in ka dafa jikinsa daga waje sai ka ji shi lafiya lau kamar bango.

Maman Auta takan leƙa safe da yamma. Ta ga haske ta tsagar ƙofa kullum, ta tambaya ko fitilun nan ba sa hutawa. Ya ce ma'aikacin kirki ba ya hutu. Ta ce lambar ma ba ta motsi. Nan ya cire tabarau ya goge, don an taɓo inda yake so.

"Wannan shi ake kira tsayuwar lamba. Injin bayan kasuwa za ki ga lambarsa tana hawa tana sauka kamar farashin tumatir. Rashin tarbiyya ne. Nawa na ce masa talatin da bakwai da rabi, ya ce to. Ko a manyan ƙasashe ba su kai nan ba, suna dai kan hanya."

Bai bar duniya cikin duhu ba. Ya ɗora aikin a dandali da sunansa, da hotonsa cikin farar riga yana nuna firji da biro. Ya yi ta leƙa waya a ofis har takardun mutane suka riƙa fitowa a karkace. Amsa guda ta zo, doguwa, daga wani baƙo. Layin farko ya ce wannan ai aikin wance ne, me ya sa aka cire sunanta? Injiniya bai kai layi na biyu ba, inda mutumin ya ce kuma ka manta lambar gwaji a ciki, maza ka kashe in akwai ƙwai. Ya toshe shi nan take. Ranar Asabar da yamma ya shaida wa malamar lissafi cewa hassada ta fara zuwa daga ƙasashen waje, wanda hakan alama ce ta an iso. Ta nemi ya turo mata umarnin ta duba, ya ce tukuna, sai an yi bikin buɗewa, kada a yi masa satar fasaha.

A sati na biyu wani wari ya fara zagaya bayan kicin. Ba ɗoyi ba ne sosai, wani abu ne tsakanin ashana da tsohuwar tukunya da aka manta a wuta. Maman Auta ta tsaya a ƙofar Ɗakin Bincike ta ce, Baban Auta, don girman Allah a buɗe a duba. Ya ce warin rayuwa ne, haka halitta take in tana haɗuwa, ita da ta haihu ai ta fi kowa sani. Ta ce ta haihu sau nawa ba ta taɓa yin warin ashana ba. Ya nuna mata gilashi. Lamba dai ba ta ƙarya, in ji shi, mutum ne ke ƙarya. Ta dubi aljihun da makullin yake, ta dubi fuskarsa, ta koma kicin. Ranar kwanukan gidan sun ji a jikinsu.

Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Ranar da lissafi ya ce 'yan tsaki za su fito, Injiniya ya gayyaci ƙungiya kaf. Aka jera kujeru a baranda, daidai ƙofar Ɗakin Bincike, aka kawo lemo mai sanyi da ƙanƙara, ƙanin matar ya ajiye motarsa ya zo, maƙwabci ma ya zo ba a kira shi ba, don ya ce irin wannan rana ba a ba mutum labari. Maman Auta ta yi shimfiɗar ɗiddigar katako a kwali, ta tanadi ɗan mazubin ruwa, ta tsaya daga baya riƙe da kwalin a ƙirji.

Injiniya ya tsaya gaban firji, ya sa a ɗauke shi a waya.

"'Yan'uwa masu neman ilimi. Tun da aka halicci kaza take zaune a kan ƙwai, babu wanda ya ce mata tashi ki huta. Yau na ce mata. Abin da za ku gani ba ni na yi don kaina ba, na yi ne don na baya. Ban nemi taimakon kowa ba, ban leƙa littafin kowa ba. In akwai yabo, na karɓa. In akwai tambaya, a yi ta a hankali, don ba kowane zurfi ake shiga da ƙafa ba."

Tambaya ba ta zo ba, sai likitan haƙori da ya taso. Shi mutum ne da in ya ga rami sai ya sa wani abu a ciki, aikin da ya yi ke nan har ya yi furfura. Ya kasa kunne a jikin firjin, bai ji ko ciu ba. Ya bi wayar ma'aunin zafi da yatsa har inda ta shige ta wata 'yar huda a gefe, ya ja a hankali, kan ashanar ya fito. Ya taɓa shi, ya yi saurin yarfe hannu. Ya dubi gilashi. Sannan, cikin ladabi irin na mai cewa buɗe baki ba zai yi zafi ba, ya tsoma ma'aunin a kofin lemonsa, tsakanin ƙanƙara.

Talatin da bakwai da rabi.

Injiniya ya yi gyaran murya ya bayyana cewa wannan ma cikin tsarin ne. Na'urar da ta san abin da take yi ba ta sauya magana don an tsoma ta a lemo. Ba ta ɗaukar jita-jita. Likita ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya cire wayar ma'aunin daga jikin allon gaba ɗaya, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, kamar haƙorin da ya fito da saiwarsa.

Talatin da bakwai da rabi.

Maman Auta ta matso gaba. Ta ajiye kwalin, ta zo ta sa hannu a aljihun farar riga ta zaro makulli, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Da ƙofar ta buɗe, wani huci ya bugo har na kujerar gaba suka ja baya. Robar cikin firjin ta lanƙwashe. Ƙwan suna nan a jere, ɗan injin yana ta juya su da aminci, sun yi launin ƙasa. Ta ɗauki ɗaya da bakin zaninta, ta buga a gefen tebur. Bai fashe ba, tebur ne ya yi ƙara. Ƙaninta ya karɓa ya fasa da spana, ya leƙa ciki, ya ce Yaya Injiniya, wannan ko a mota aka sa shi a ƙarƙashin taya zai riƙe ta a gangara.

Malamar lissafi ta riga ta buɗe kwamfutar da ke kan tebur. Ba ta daɗe ba ta nuna layin da yatsa, ta ce ga lambar nan an rubuta ta da hannu, kuma ta san zanen, akwai gargaɗi a samanta a na asali. Nan fa Injiniya ya ga ƙofa. Ya miƙe tsaye, murya ta dawo.

"To kun ji. Aikin wata mata ce can, wadda ba ta san darajar ƙwan mutane ba. Dama na faɗa, kayan kyauta ba shi da amana. Wannan sakaci sai an bi kadinsa."

Likita ya ce wace mata kuma? Ya kashe na'urar ya sake kunnawa. Gilashi ya yi haske, ya gaishe da jama'a da manyan baƙaƙe, kowa ya karanta, maƙwabci ya karanta da ƙarfi don na baya. Shi kaɗai. Mai ɗaukar waya ya tambaya ko ya ci gaba da ɗauka. Kayan aro dai ba ya rufe katara, balle wanda aka yanke wa sunan mai shi.

Jama'a suka watse da sallama ƙasa-ƙasa. Maman Auta ta kwashe ƙwanta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwalin da ta yi wa shimfiɗa, ta fita da su. Ba ta yi faɗa ba, kuma duk wanda ya yi aure ya san wannan ya fi faɗa tsada. Kwana da kwanaki Injiniya yana cin abinci cikin shirun da ake jin tafiyar cokali. Ya gwada bayyana mata cewa a kimiyya babu asara sai sakamako. Ta miƙa masa gishiri.

Ƙaninta ne ya kasa jure ganinta haka. Da ya dawo daga tafiya ta gaba sai ya shigo da kwali mai huji-huji yana ciu-ciu. Ba masu gashi a ƙafa ba ne, waɗancan sun tafi ke nan, 'yan tsaki ne na kowa da kowa, kwanansu ɗaya a duniya. Ya ce mata abu guda suke so, ɗumi dare da rana, fitilar da ba ta mutuwa. Ta ce ta san inda akwai.

Injiniya ya dawo daga ofis da yamma ya tarar ƙofar Ɗakin Bincike a buɗe. An tura teburinsa lungu, an tattara wayoyinsa a tsohuwar tukunya. Firjin yana kwance da bayansa a tsakar ɗaki, an cire masa ƙofa, an zuba ɗiddigar katako a ciki. Fitila ɗaya tana rataye a sama, a ƙarƙashinta 'yan tsaki sun baje, wasu na barci, wasu na tsattsaga, lafiyarsu ƙalau. Ya buɗe baki zai yi maganar keta haddin bincike, sai ya sake duba. Firjinsa ne. Fitilarsa ce. Ga kuma rai yana motsi a ciki. A hankali ƙirjin ya fara dawowa inda yake, kamar tayar da ake ba iska.

"Maman Auta, kin ga abin da nake faɗa miki? Gaggawa ce ta mutane. Wannan na'ura tun asali mataki biyu gare ta, kuma na biyun shi ne babba. Raino. Ƙyanƙyasa ai ko kaza ta iya. Dubi yadda allon yake riƙe musu zafi daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. Kawo waya, wannan sai ƙungiya ta gani."

Ta ci gaba da zuba musu tsaki a murfin kwano, ba ta ɗago ba. Ya zagaya firjin yana neman gilashin da zai sa a hoto, bai gani ba. Ya bi wayar fitilar da ido. Ta tashi daga fitila, ta bi bango, ta shige soket kai tsaye, babu abin da ta gaisar a hanya.

Ya tambaya ina allon.

Ta nuna da haɓa. Mazubin ruwan 'yan tsakin yana da gajeriyar ƙafa guda, yana ta karkata yana jiƙa shimfiɗa. A ƙarƙashin ƙafar, kore, daidai kauri kamar an auna, ga ƙwaƙwalwar zamani tana tallafe da shi. Injiniya ya sunkuya zai ɗauka.

"Kar ka taɓa, Baban Auta," ta ce. "Yanzu ne yake aiki."